Teburin Baba Tanimu

A bakin Taminus, inda masu Keke ke juyawa,
Baba Tanimu na da tebur mai gurguwar ƙafa
da muka tokare da rabin bulo.
Shekara shida ke nan yana ta rufe masa ido,
amma ba a haifi mai zambatarsa a kan zabibi ba.

Baƙin nan, in ji shi, rana ce ta gasa shi.
Taɓa ka ji, duk tamoji,
kamar hannun mai haƙar kuza.
Zaƙinsa na da ɗan ƙauri can ƙasa,
sai ka tauna, ka jira, kafin ya sakar maka.

Mai ruwan zuma kuwa ɗan gata ne,
bai san tsakar rana ba.
Ga laushi, ga ɗan tsami a bakin harshe.
Shi Madam Nanret ke auna gwangwani uku
duk Disamba, ta jiƙa don kek.
Ta ce a yi mata gyara,
ya ce gyara sai a gyaɗa,
sannan ya ƙara mata cikin hannu guda.

Akwai mitsi-mitsi kamar masoro
masu ɓuya a cikin burodi.
Akwai siriri, kore-kore, mai tsada,
yana kwalba ƙarƙashin tebur,
ba ya fitowa sai an tambaya.
Mai ƙwallo a ciki mun daina saro shi
tun da ya cire wa wani direba haƙorin Makka.

Ran nan na gauraya su duka a faranti,
na tura gabansa, na yi gum.
Yatsunsa suka shiga kiwo.
Yana ware su yana mitar kuɗin mota,
ko ɗaya bai ɓata ba.

Ya ɗora biyu a tafina, baƙi da ja.
Ka san waɗannan uwarsu ɗaya?
Wurin shanya ne ya raba.

Ban ce komai ba.
Na tuna Yaya Sallau da ya zo daga Abuja,
da muka gaisa hannunsa kamar auduga,
nawa ya kusa yankar sa.

Sai hadari ya taso ta wajen Naraguta.
Baba ya riga ni jin ƙamshinsa.
Jawo leda, ya ce, rufe su maza,
kada ruwa ya tuna musu
da can su inabi ne.