Ƙofar Hajiya Tsahara

A Katako, inda ƙarfe ke kuka tun da hantsi,
maigidana Zabairu yana walda ƙofofi.
Ni ina ƙuryar shago, kwamfuta bisa gwiwa,
fanka na kwashe zafi daga wannan kunne, ta kai wancan.

Da can, in Hajiya Tsahara ta ce a ƙara faɗi,
sai in goge zanen duka, in koma tushe:
sanda ashirin da bakwai, kowace da tazararta,
har magariba ta iske ni ina ƙirga da yatsu.

Yanzu na koyi raɗin suna.
Ban yanka rago ba, amma na raɗa:
wannan Faɗi, wannan Tsawo, wancan Kaurin Sanda.
Na rubuta wa na'ura layi bayan layi
cewa Tazara ɗiyar Faɗi ce,
in uwa ta miƙe ƙafa, ɗiya ta matsa.
Lamba guda nake taɓawa,
sauran su tashi su gyara tsayuwa
kamar sahu in liman ya waiwayo.

Kakana a Tawa da kamu yake auna rumbu.
Bai taɓa riƙe alƙalami ba,
amma in gindi ya ƙaru da taƙi ɗaya
ya san abin da baki zai ci.
Tasa ƙa'idar ta bi shi kabari.
Tawa tana cikin fayil,
ban san wadda ta fi wata tsawon rai ba.

Ran Laraba na yi kure.
Na ce Tsawo ya jira Faɗi,
na manta tun jiya na ce Faɗi ya jira Tsawo.
Suka tsaya bakin zaure kamar surukai,
kowa na cewa, bismilla, kai ne babba.
Na'ura ta yi jajir, ta ƙi motsi.
Wani karon na zuba santimita a gurbin milimita,
ƙofa ta fito, ko kaza sai ta sunkuya.
Zabairu ya yi dariya har ya ajiye gilashin walda,
ya ce, wannan ta gidan aljanu ce, nawa za su biya?

Na share sunayen da ba su da aiki,
Faɗi na biyu, Faɗi sabo, Faɗi na gaskiya,
marayun da na haifa cikin gaggawa.

Yau da la'asar waya ta yi ƙara.
Hajiya ta sayi mota mai ƙugu,
a ƙara mata santimita arba'in.
Na taɓa lamba guda kafin shayi ya huce,
ƙofa ta buɗe kafaɗa a kan allo,
sanduna suka zama talatin, babu mai gardama.

Na fito da murna in nuna wa Zabairu.
Ya dubi allo, ya dube ni,
ya nuna min ƙasa da haɓa.
Tun da safe ya yanke ƙarfen.