Borin Jini a Tashar Keremet

A ƙofar ɗakin cin abincinmu akwai allo,
Likita Marjatta Quispe ce ke rubuta shi da hannunta,
duk kumbon da ya sauka sai ya ƙara tsawo.

Mutanen Ulwai, kada gishiri ya taɓa su;
ƙwaya ɗaya, fatarsu ta dare kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.
'Yan Tsirrik ba sa jure jan launi.
Wani matuƙi ya shigo da jar hula,
idanu shida-shida suka yi ta zuba har aka rage fitilu.
Akwai kuma tsohon nan na duniyar ƙanƙara,
shi dariya ce ke kumbura masa maƙogwaro,
in yana kusa mukan ja labari a hankali
mu haɗiye ƙarshensa.

Ni ce layi na goma sha tara:
Ilse Tamura, mai gyaran bututun iska.
Abin da jikinta ya ƙi: garin fiffiken Ulwai.

Likita ba ta rubuta sauran ba.
Garin ba ya zuba sai in sun yi murna,
kuma Oshvel, da zarar ya hango ni a lungun injina,
sai fiffikensa ya ɗau rawa,
iska ta yi shuɗi,
ni kuma atishawa, tara, goma, leɓe ya haye,
wuya ya yi rudu-rudu, numfashi na fito kamar tsohon famfo.

Shekara huɗu muna gyara bututu ɗaya.
Jininmu ya haɗu, jinina ya yi bori.
Wa zan kai wa wannan ƙara?

Ya koyi tuna abin baƙin ciki kafin ya gaishe ni.
Yakan ce, yau na tuno ranar da tekunmu ya daskare,
ina kwana, Ilse.
Ni kuma na koyi riƙe gumi da hawaye,
tunda ɗigon da zai fito mini ruwa ne kawai,
a jikinsa kuwa wuta.

Ran da takardar komawarsa ta zo
na sa hular fita sarari a cikin ɗaki,
na kulle ta har wuya, na yi kukana a ciki,
gilashi ya yi hazo, ban ma ga fuskarsa sosai ba.
Ya ɗora yatsunsa uku a kai.
Ranar ko ƙwayar gari ba ta zuba ba.
Da na cire hular ma, da lafiya lau zan shaƙi iska,
abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ya bar mini kwalba, an toshe bakinta da dalma,
tarin safiyoyin da ya gan ni ya gudu ɗaki ya karkaɗe.

Jiya na sake kwance a gadon Likita Quispe,
ido a kumbure, allura a cinya.
Ta duba allonta, ta dube ni.
Ta ce, rabon Ulwai da tashar nan wata goma sha ɗaya.
Na ce, haka ne, Likita.
Ta ce, to ki riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan,
kuma ki fara kirana tukuna.