Kwana Tara na Sanyi

Adashen wata goma sha huɗu na kwasa,
na haɗa da kuɗin tunkiyar da na raina tun tana bin uwa,
na hau motar Gujungu ranar kasuwa,
na dawo da shi a bayan akori-kura
ɗaure da igiyar rama kamar sa mai faɗa.
Firji fari, na hannu, da lotsawa a gefen ƙofa.
An ce daga ƙasar da ƙanƙara ke zuba kyauta ya zo.

Kwana tara ya yi mini aiki.
Kwana tara ina ƙulla zoɓo da kunun aya a leda,
'yan firamare na turereniya a zaure,
har Iya Tabawa, da ba ta da haƙori ko na rantsuwa,
ta aiko a kai mata ƙanƙara a ludayi,
ta dunƙule ta a kunci, tana dariya, ido na ruwa.

Daren na goma hadari ya haɗo daga gabas.
Taransifoma ta yi ƙara guda, kamar bindigar maharbi,
garin ya ɗauke numfashi.
Aka ce gobe.
Aka ce bayan salla.
Aka yi karo-karo, kowane gida ɗari biyar,
kwamiti ya sa manyan riguna ya tafi Dutse,
ya dawo da takarda mai hatimi biyu.
Takardar na nan lafiya.

Damina uku ke nan.
Kurciya ta yi sheƙa a kan falwaya,
wayar kuwa wasu sun taya mu adana ta da tsakar dare.

Amma abin da ya ci tunkiya ba ya zaman banza a ɗakina.
Sama daddawa ce da kuka, ɓera ya leƙa ya haƙura.
Tsakiya takardar gona da katin rigakafin Sa'ade.
Can ƙasa, gurbin da aka ce na tumatir ne,
irin wake na kwance, ƙwaro bai san hanya ba.

Makon jiya Ɗanliti mai gyara ya biyo ta nan da babur,
jakarsa cike da gawar rediyo da hanjin tocila.
Ya juya firjin, ya durƙusa, ya kara kunne
kamar ungozoma a kan ciki.
Ya ce, "Yaya Hansai, iskarsa ta tsiyaye tuntuni.
Ko wuta ta dawo yau, sai an yi masa ɗuri.
In kuma sola kike so ta ɗauke shi,
shirya kuɗin bijimi, har da ɗan canji."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Na zuba masa ruwa a moɗa,
ya shanye, ya dubi randar, ya ce, "Ai ga firjinki nan."

Bai tafi ba dai.
Ya zaro wani faifan sola, faɗin faifan tuwo,
ya ɗora a kan rufi, ya danne da dutse,
ya ja siririyar waya ta taga,
ya ɗaura batir, ya liƙa ƙwan tocila a cikin firjin,
ya karɓi kwanon gyaɗa biyu, ya buga babur.

Yanzu in an idar da lisha, sai in buɗe ƙofar.
Babu sanyi, ko na kunya.
Haske ne ke zubowa a kan tabarma,
Sa'ade ta kwanta rub-da-ciki a gabansa
tana fama da lissafin rabawa,
littafinta na ƙamshin daddawa.

Jiya ta ɗago kai ta ce, "Inna,
wai da gaske ne ya taɓa yin ƙanƙara?"
Na ce, "Kwana tara.
Je ki tambayi Iya Tabawa, in ba ta yi barci ba."