Abin da Haske Ya Ci

Ƙarfe biyun dare a Duluth.
Na'urar ɗumama ɗaki na tari kamar tsoho,
shayina ya huce tun ɗazu,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo.

Saratu ta aiko saƙo daga Gusau:
"Yaya, hoton nan na bakin tafki
shi za mu sa a kalandar sadakar arba'in.
Don Allah ka gyara, ya yi fari da yawa."

Ya yi fari, kuma laifina ne.
Ran nan dusar ƙanƙara ta lulluɓe gari,
rana ta faɗo mata a ka,
ni kuwa fuskarsa nake nema,
baƙar fuskar nan da kyamara ke kasa karantawa,
sai na buɗe mata ido har ta ƙware.
Fuska ta fito. Sauran duniya ta ƙone.

Babu tafki. Babu gadar ƙarfen da ya tsaya yana wa salati
don ta ɗaga kanta jirgi ya wuce.
Babbar rigar da ya ƙi rufewa da kwat
ta narke cikin sama,
kai kaɗai ke shawagi, da hula, da murmushi mai giɓi.

Na kama ma'aunin haske na ja hagu,
sannu-sannu, kamar mai janye itace kada tuwo ya kama.
Sama ta yi toka-toka.
Na ƙara. Ga bakin ruwa can nesa,
ga ƙafar gada, ga wani kare da ban san da shi ba.
Na bar inuwa a inda take,
na zagaye ƙirjinsa da linzami,
sai ga aska takwas tana tasowa
zare bayan zare,
aikin Malam Jatau, wata uku yana duƙe a kai.
Har tabon goro ya dawo, gefen aljihu.
Na yi dariya ni kaɗai.

Amma hannun dama,
wanda ya ɗaga wa rana,
fari ne fat. Ba a rubuta komai a wurin ba.
Na ja, na ja, fari ya zama toka,
toka ta ƙi zama yatsu.
Abin da ruwa ya ci, akan tsince shi a gaɓa.
Abin da haske ya ci, sai haƙuri.

Manhaja ta yi min tayi cikin ladabi:
za ta ƙera hannu, yatsu biyar cif,
daga hannayen mutane dubu da ta taɓa gani.
Na gwada. Kyakkyawan hannu, sumul.
Ba shi da ɗan yatsan da injin niƙa ya lanƙwasa,
ba shi da zoben azurfa.
Wannan hannun bai taɓa murɗe min kunne ba,
bai taɓa cusa min kuɗi a aljihu a tasha ba
yana kallon wani gefe.
Na mayar da shi inda ya fito.

Motar share ƙanƙara ta wuce tana kankare titi.
Na tura wa Saratu, na rubuta:
"Iyakar abin da ya dawo ke nan."
Ta ce, "Hannun fa?"
Na ce, "Sallama yake yi mana.
Hannun ne ya riga shi shiga."