Littafin Awo

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a Aboabo,
littafin awona ya fi ni sanin unguwa.
Ga shafin Awudu direban trotro:
ƙugu talatin da biyu, na soke,
talatin da shida, na soke,
bana arba'in da ɗaya.
Ga na Malam Sulemana, ga na Kwabena mai walda,
duk biro ɗaya ya bi ta kansu.
Mukan ce tumbin Alhaji ya iso,
saura kujerar Makka.

Ni ma Barikisu ta kai soso wuyana,
ta dirji baƙin nan har fata ta yi zafi.
Bai fita ba.

A asibitin Manhyia likita, sa'ar 'yata,
ta ce, Baba, ba dauɗa ba ce,
ba kuma ciwon sukari ba tukuna.
Insulin ɗinka na ta sallama a ƙofa,
tsoka ta yi kunnen uwar shegu,
sukari ya rasa masauki, yana yawo a jini.

Na ce, ni kaɗai?
Ta nuna bencin da na taso, maƙil.
Ta ce layin nan ya wuce Kumasi, ya haye teku,
da yawa ba su san suna kai ba.

Yanzu da ƙafa nake zuwa Kejetia sayen zare.
Kokona ba sukari, sai tsami.

Jiya Awudu ya kawo yadin Sallah.
Na zagaya shi da tef, na daɗe ban rubuta ba.
Ya ce, lafiya?
Na ce, zauna tukuna.