Ɗari da Talatin

Sikelina ya mutu ranar Litinin,
ba jinya, ba sallama.
Na cire batir, na murza, na mayar,
fuskarsa baƙa wuluk kamar gindin tukunya.
Domayo kaf babu mai irin batirin,
sai motar Garwa ta iso, in ta iso.

Ga man jojoba a kwalba,
launin zumar farkon kaka,
wanda Hamajoda ya taho min da shi daga Duwala
a naɗe cikin rigarsa, kamar jinjiri.
Kowane ɗigo nasa sefa ne.
Ga man kaɗanya ya narke yana jira,
ga kakin zuma,
ga Adda Dudu mai kitso ta aiko sau biyu:
gwangwani ashirin, kafin Juma'a.

Takarda ta ce: giram ɗari da talatin.
Ni kuwa abin da ke hannuna
sirinji ne mai cin mililita goma,
ragowar jinyar akuya, na dafa shi na wanke.

Na ce, ai giram da mililita Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.
Na zuƙa sau goma sha uku.
Da ya huce, man ya daskare, ya ƙi yatsa,
na shafa a gashi, ya zauna kamar baƙon da bai san gidan ba.

Jaratu ta dawo daga lise,
alli a gefen hijabinta.
Ba ta ce min komai ba.
Ta ɗebo ruwa a kofin shayi,
ta ɗiga man a kai.
Ya tsaya a sama, zagaye, yana kallonmu.

Ta ce, Inna, ruwa ne kaɗai
nauyinsa da gurbinsa suka zo daidai.
Wannan bai kai ruwa nauyi ba.
Cika lita da shi, ɗora a sikeli,
giram ɗari takwas da sittin da 'yan kai za ki gani,
kilo bai cika ba.
In nauyi kike bi, sai ki ƙara masa wuri.

Ta tsuguna ƙarƙashin darbejiya,
ta raba lamba da tsinke a kan yashi,
kaza ta bi ta kan rabin lissafin,
ta sake.
Ɗari da hamsin, in ji ta.
Zuƙa goma sha biyar.

Biyu kacal na rage.
Zuƙa biyu, abin da bai cika murfin kwalba uku ba,
su suka hana man laushi.

Na tuna uwata a kasuwar Marwa,
da man gyaɗa, da ludayi, da kwalbar lemo.
Ba ta taɓa auna nauyin komai ba,
amma in ta ɗaga tulun mai da tulun ruwa
kafaɗarta ta san wanne ne wanne.

Na mayar da tukunya kan wuta.
Na zuƙa ɗaya. Na zuƙa biyu.
Jaratu tana ƙirga min da ƙarfi
kamar ni ce 'yar.

Da magariba na dangwala yatsa,
ya nutse.
Na rubuta a bangon kicin da gawayi,
ƙasa da lambar mai gas:
130, 150.