Ruwan da Na Ƙara

Takarda ta ce yara ɗari da goma sha biyu.
Mushe Kiyari ya karanta mini ita tun bara,
ya buga hatimi, ya kulle a akwati.
Takarda ba ta haihuwa.
Kara-Kara kuwa tana haihuwa,
kuma tun da gero ya ƙi a wajen Tanut
amalanke ke sauke mana baƙi da tabarminsu.
Yau na ƙirga kawuna a bakin murhu:
ɗari da arba'in da ɗaya.

Tiya bakwai dai ba ta zama takwas.
Sai na ƙara ruwa.
Ruwan ma, 'yan Damagaram kun sani,
jarka biyu na saya wurin ɗan garuwa
da dalolin da na ware don sabulu.

Mushe na da allo, ni ina da ludayi,
kuma ludayi ya riga allo sanin gidan kowa.
Wanda ya ci ɗumame yakan hura koko, yana surutu.
Falmata ba ta hurawa.
Rufe ido take, ta ƙona harshe,
ta bi kofi da yatsa har roba ta yi kuka.

Ga Ilu, ɗan mai fasa dutse,
da aka yi wata uku ana ce masa daƙiƙi.
Ashe ba kai ne ya toshe ba,
ciki ne ke ihu, ya hana kunne ji.
Jiya ya tsuguna ya karanta mini rubutun jikin buhu,
yana tuntuɓe, yana tashi.
Na kankare masa gindin tukunya.

Da bakwai da rabi babura ke wucewa
da 'ya'yan masu albashi, burodi da madara a jaka.
Ba na hassada, Allah ya ƙara musu.
Na dai ga akuya na cin ragowar a bakin kwata
na tsaya kallon akuya.

Lakwal ɗin tsallaken hanya ba ta cikin takarda sam.
Yaranta kan jeru a jikin waya,
hanci ya sha, baki ya jira.
Titi ɗaya ne tsakaninmu,
ban san yunwa na duba hagu da dama
kafin ta tsallaka ba.

Ran Laraba farar mota ta zo.
Mushe ya ce, Tsahara, yau a yi shi da kauri.
Na yi shi da kauri, ludayi ya tsaya da ƙafarsa.
Ashirin da tara aka zaunar bayan aji, ƙarƙashin bedi,
aka ce su yi shiru, suka yi.
Baƙo ya ɗanɗana, ya ce madalla, ya rubuta: yana isa.
Ni kuma na yi murmushi aka ɗauke ni hoto.
Wannan murmushin bai bar ni barci ba.

In sun dawo, Mushe ya yi haƙuri.
Zan dama shi yadda nake damawa kullum,
in cika wa baƙo kofin Falmata,
in ce kada ya sha tukuna, ya leƙa.
Zai ga fuskarsa a ciki, tar,
da tabarau, da alƙalami a kunne.
Sannan in nuna masa waya,
in ce, ranka ya daɗe, ƙirga.